Dutse ba ya tasowa ya tari jirgi

Mu mutanen Sakkwato ba mu da dutsen da za mu nuna wa baƙo. Ka hau kowane bene a garin nan ka duba, ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai har inda ido ya gaji, daga fadamar Rima zuwa hanyar Illela. Sai ka yi tafiya mai nisa, ka wuce Gusau, kafin dutsen Kwatarkwashi ya tare maka ido. Shi ya sa duk ranar da rediyo ta ce jirgin fasinja ya yi karo da dutse a wata ƙasa, tambayar da ake yi a majalisa ba ta sauyawa. Wani dattijo da muke zama da shi bayan la'asar ya taɓa yin ta da bakinsa: "To wai shi direban makaho na? Abu da girma hakan ga, mi ya hana shi ganin shi?" Wani ya amsa masa cewa hadari ne ya taso, kuma kwana ya ƙare. Aka yi wa mamata addu'a, aka koma hirar farashin gero.

Kwana ya ƙare, wannan babu musu. Amma tambayar dattijon tana da amsa, kuma ya kamata mu fi kowa neman ta, domin garin nan ya san ɗacin abin. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato. Bai yi minti biyu a sama ba ya faɗo a gonakin Tungar Madaki. Cikin mutum 105 da ke ciki, 96 suka rasu. Akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan jiha Alhaji Garba Muhammad. Allah Ya jiƙan su. Wannan jirgin bai ci karo da dutse ba. Iska ce mai juyawa farat ɗaya, irin wadda ke zubowa daga ƙarƙashin hadari, ta kama shi yana cikin ɗagawa. Rahoton masu bincike ya tsaya a kan abu biyu: an tashi alhali an san yanayi ba shi da kyau, kuma da iskar ta kama jirgin, ba a yi abin da ƙa'ida ta ce a yi don a kuɓuce mata ba. Tsakanin hadari da haɗari a rubutun boko ƙugiya ɗaya ce tak a kan harafi, amma a sama akwai mutum tsaye a tsakaninsu, kuma shawararsa ce ke mai da na farko ya zama na biyu.

A haɗarin dutse wannan magana ta fi fitowa fili. Masu harkar jiragen sama sun ware masa suna na daban, wanda ma'anarsa ita ce jirgi mai ƙoshin lafiya, yana hannun matuƙansa, ya tafi ya daki ƙasa. Injina na aiki, akwai mai, fukafukai ba su karye ba. Sau da yawa idan aka saurari baƙin akwati, sai a ji matuƙa suna magana cikin natsuwa har zuwa daƙiƙun ƙarshe. A zatonsu suna wani wuri, alhali suna wani wurin daban.

Mu fara da batun gani. Jirgin fasinja da ke shirin sauka yakan yi gudun kilomita 300 a sa'a ko kusa da haka, wato fiye da mita 80 a kowace daƙiƙa. Idan gajimare ko ruwa ya rufe har ba a hangen abin da ya wuce mita 500, daga lokacin da dutse ya bayyana a gilashi zuwa lokacin da za a iske shi daƙiƙa shida ne. Ba ka gama karanta Fatiha ba. Cikin gajimare mai kauri kuwa ko wannan ba a samu, fari ne fat kamar an rufe gilashin da alawayyo. Jikin mutum ma ba abin dogaro ba ne a nan, domin abin da ke cikin kunne mai gaya maka kana tsaye ko kana karkace yakan ruɗe idan ido bai taimaka masa ba, har matuƙi ya rantse jirgi miƙe yake alhali yana kwanciya gefe. Saboda haka ba a koya wa matuƙi tuƙi da ido a irin wannan hali. Agogunan da ke gabansa su ne idanunsa.

Su ma agogunan akwai abin da suke faɗi da wanda ba su faɗi. Babban ma'aunin tsawo yana auna nauyin iska ne, ya gaya wa matuƙi nisansa daga saman teku. Ba ya gaya masa nisansa daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato yana kan tsawon ƙafa 1,000 ko kusa da haka daga teku. Jirgin da agogonsa ya nuna ƙafa 3,000 a samaniyarmu yana da sararin ƙafa 2,000 a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta shawagi. Filin jirgin Jos kuwa ya haura ƙafa 4,000. Wannan lambar ta 3,000 da ke nufin lafiya a nan, a Jos tana nufin kana cikin ƙasa. Lamba ba ta da amfani sai ka san inda kake.

Don haka aka yi taswirori. Kowace hanya ta sama, da kowane ɓangare na kewayen filin jirgi, an rubuta masa tsawon da ba a sauka ƙasa da shi, wanda a al'ada yake ba da ratar ƙafa 1,000 sama da abu mafi tsawo a wurin, ko 2,000 a ƙasar duwatsu. Wajen sauka kuma akwai wani mataki na ƙarshe: in ka kai shi ba ka ga titin sauka da idonka ba, sai ka ƙara wuta ka koma sama, ka sake gwadawa ko ka tafi wani gari. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi ba zai taɓa dutse ba ko da bai ga komai ba tun daga tashi. Kusan duk haɗarin dutse, in ka bi diddiginsa, za ka iske wurin da aka sauka ƙasa da lambar, ko aka riƙe lambar amma a kan wata hanya da ba tata ba.

Wani lokaci kuskuren ƙanƙane ne har ya ba ka haushi. A daren 20 ga Janairu, 1992, jirgin Air Inter ƙirar Airbus A320 yana gangarawa birnin Sitirasbog na Faransa cikin gajimare. Abin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne matuƙan sun so su ba na'urar tuƙi umarnin gangara da karkatar digiri 3.3, amma na'urar tana kan wani tsari daban, sai ta ɗauki lambar a matsayin saukar ƙafa 3,300 a minti ɗaya, kusan ninki huɗu na abin da ake buƙata. A ɗan allon da ke gabansu bambancin biyun bai wuce ɗigo ɗaya ba. Jirgin ya daki dutse, mutum 87 cikin 96 suka mutu. A Disamban 1995 kuma, jirgin American Airlines daga Mayami zuwa Kali a Kolombiya ya ɓace hanya saboda harafi ɗaya. Matuƙi ya buga R yana nufin wata tasha da ke gabansu, kwamfuta ta zaɓi wata mai wannan harafin can wajen Bogota, jirgin ya juya ya bar kwarin da yake bi yana ci gaba da sauka. Ba hadari a ranar, duhun dare ne ya yi aikin gajimare. Da na'urar da ke gargaɗin matuƙi cewa ƙasa ta matso ta yi kira, suka ja jirgin sama da iya ƙarfinsu, amma sun manta birkin iska a buɗe a kan fukafukai. Mutum 159 suka tafi, huɗu suka tsira.

Na'urar gargaɗin nan tana da tarihinta. Wani injiniya haifaffen Kanada, Don Bateman, shi aka fi dangantawa da ƙirƙiro ta. Amurka ta wajabta ta a manyan jirage bayan jirgin TWA ya daki wani dutse a jihar Bajiniya ranar 1 ga Disamba, 1974, cikin hadari, ya hallaka mutum 92. Abin takaici, makonni shida kafin nan jirgin wani kamfani ya tsallake rijiya da baya a wannan dutsen, kamfanin ya sanar da nasa matuƙan, amma labarin bai kai ga sauran ba. Na'urar ta farko tana aika sigina ƙasa ne ta auna nisa, kamar makaho mai taɓa gabansa da sanda. Tana da kyau in ƙasa na tasowa a hankali. In bango ne tsaye, kafin sanda ta taɓa shi goshi ya riga ya taɓa. Bayan haɗarin Kali aka hanzarta fito da sabuwa, wadda aka ɗura wa taswirar tuddai da duwatsun duniya, tana kuma karɓar matsayin jirgi daga tauraron ɗan adam. Ita wannan tana hangen gaba. Tana zana dutse da jan launi a allo, ta yi magana da murya tun da sauran lokaci. Jirgin Faransa da na ambata ko tsohuwar ba a sa masa ba.

Da an ce mini in yi hasashe a wancan lokacin, da na ce an gama da wannan nau'in haɗari. Ya ragu ƙwarai, gaskiya ne. Amma ga abin da ya faru a Islamabad.

Safiyar 28 ga Yuli, 2010, tsakiyar daminar Pakistan, jirgin Airblue ƙirar Airbus A321 ya taso daga Karachi da mutum 152. Jirgi ne na zamani mai sabuwar na'urar gargaɗi. Kyaftin ɗinsa dattijo ne da ya haura shekara 60, ya yi sa'o'i fiye da 25,000 a sama. Mataimakinsa tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, amma a jirgin fasinja sabon shiga ne in aka gwada shi da maigidan. Rahoton hukumar jiragen sama ta Pakistan ya ce tun daga farkon tafiya kyaftin ya tasa mataimakin a gaba da tambayoyi na gwaji da gatse da faɗa, cikin muryar ƙasƙanci, ya ɗauki tsawon lokaci yana yi. Daga nan mataimakin ya shiga taitayinsa, ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ko almajirin wani mai zafin rai ya san wannan shirun.

A Islamabad ruwa ake yi, gajimare ya sauko ƙasa. Saboda yadda iska ke kaɗawa, sai an gangaro ta wani gefe har a ga filin, sannan a kewaya kusa-kusa, ido na kan titin, a sauka ta ɗaya bakin. Sharaɗin wannan kewaye shi ne kada ka yi nisa, kada ka sauka ƙasa da lambar da aka gindaya, kuma da zarar filin ya ɓace maka ka fasa. Arewa da birnin akwai duwatsun Margalla, gindin tsaunukan Himalaya. Kyaftin ya shirya wa kwamfuta wata hanya ta kansa wadda ba ta cikin ƙa'ida, ya sauka ƙafa 2,300 alhali iyakar 2,510 ce, ya yi ta nisa da filin har ya fita da'irar da aka yarda a kewaya a cikinta. Na'ura ta fara kira cewa akwai dutse a gaba. Mataimaki ya ce, cikin ladabi, ranka ya daɗe duwatsu ne gabanmu, a juya hagu, a ɗaga sama. Kyaftin ya kama maɓallin da ake murɗawa don sauya alƙibla yana ta murɗa shi hagu, amma ya manta cewa sai an jawo shi waje kafin jirgi ya karɓi umarnin. Jirgin ya ci gaba da miƙewa, shi kuwa yana tambaya me ya sa ba ya juyawa. Da ya tuna ya jawo maɓallin, ya riga ya murɗa shi ya wuce kima, jirgin ya ɗauki hanya mafi kusa zuwa lambar da aka ba shi, ya karkata dama, wajen duwatsun. Na'urar ta yi gargaɗi sau 21. Babu wanda ya tsira.

Abin da ake koya wa kowane matuƙi game da wannan murya ba shi da wuyar haddacewa. In ta ce a ɗaga, ba a tsayawa bincike ko gardama: a ba injina wuta duka, a ja hancin jirgi sama, a yi ta hawa har ta yi shiru, sannan a tambayi abin da ya faru. A jirgin gwaji na Sukhoi da ya daki dutsen Salak a Indonesiya cikin Mayun 2012 da mutum 45, matuƙin kashe ta ya yi, a zatonsa taswirarta ce ta samu matsala. Na'ura ta yi nata. Abin da ya rage shi ne kunnen da zai ji.

A nan ne nake ganin labarin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma ba na fatan ranar da za mu daina. Yaro ba ya katse babba, ba ya ɗaga masa murya, in ya ga kuskure sai ya kewaya ya kawo shi da habaici ko ya haɗiye. A zaure wannan tarbiyya ce. A gaban jirgi mai cin mita 80 a daƙiƙa, kewayen nan ya isa ya cinye lokacin da ake da shi. Turawa sun gano haka da jini, tun bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerif a 1977, inda shakkar na ƙasa ba ta iya tsayar da kyaftin mai kwarjini ba. Daga nan aka shigo da horo na musamman kan yadda ma'aikatan jirgi ke magana da juna: na ƙasa ya faɗi abin da ya gani ƙarara, ya maimaita da ƙarfi, in ba a ji ba kuma mutuwa na gaba, ya karɓi tuƙin.

Wasu kan ɗauka wannan ɗabi'ar Turawa ce da ba ta dace da mu ba. Ni kuwa ina ganin mun riga su. Duk wanda ya yi karatun Ahalari a zauren malam ya san hukuncin liman da ya yi mantuwa. Mamu ba ya yin shiru don liman ya girme shi ko ya fi shi karatu, yana cewa Subhanallah. In kuma liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, wanda ya tabbata ƙari ne ba ya bin sa, zama yake yi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya, kuma limamin kirki ba ya juyowa bayan sallama ya harari wanda ya tunatar da shi. Mun yarda da wannan a masallaci sau biyar a yini, amma mu fito waje, a ofis ko asibiti ko cikin motar haya, sai bakin na ƙasa ya mutu. Laifin kuma ba na yaron ba ne shi kaɗai. Wanda ya kwashe sa'a guda yana murƙushe mataimakinsa, shi ya kashe muryar da za ta cece shi.

Akwai kuma rabonmu, mu fasinjoji. Wani hunturu na zauna jiran jirgi a nan Sakkwato, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faranti. Aka sanar cewa jirgin da zai ɗauke mu ba zai iya sauka ba. Wani bawan Allah mai babbar riga ya tashi yana faɗa, wai yana da taro a Abuja, wai matsoratan matuƙa ne, ai in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Mutane da dama suka goya masa baya. Matuƙi mutum ne, yana jin irin wannan. Yana sane da cewa juyawa wani gari asarar mai ce da kuɗin masauki, kuma gobe za a tambaye shi dalili. In ya ji wani jirgi ya lallaɓa ya sauka kafin shi, sai zuciya ta ce kai ma za ka iya. Mai babbar rigar nan da ya tuna da Sayyidina Umar, da bai kawo zancen ƙaddara a haka ba. Lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, sai ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Kada kuma shimfiɗar ƙasarmu ta sa mu ɗauka duwatsu matsalar wasu ce. Jiragen da muke hawa suna zuwa Abuja, wadda duwatsu suka kewaye, suna zuwa Jos da Yola. Makonni shida cif kafin rasuwar Sarkin Musulmi Maccido, ranar 17 ga Satumba, 2006, jirgin sojan sama ƙirar Dornier da ke kai manyan hafsoshi taro a Obudu ya daki wani tsauni a yankin Vandeikya ta jihar Binuwai cikin mummunan yanayi, mutum 13 suka mutu, yawancinsu janar-janar. A Maris na 2008 wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft ya ɓace a duwatsun wannan shiyyar, aka yi fiye da wata biyar ana nema kafin a ga tarkacensa. Dutse da hadari ba su tsaya ga kashewa ba, suna kuma ɓoye wurin, har wanda ya tsira da rauni ya cika kafin a iso gare shi.

Na koma majalisa na ba dattijon nan labarin Islamabad, tun daga faɗan da aka yi wa mataimaki har zuwa gargaɗi na ashirin da ɗaya. Ya yi shiru yana jan casbaha. Can ya ce, "To shi yaron, yana da ikon ɗaga jirgin da kainai?" Na ce masa ƙwarai kuwa, Baba. Akwai sandar tuƙi a gefensa na dama kamar yadda kyaftin ke da tasa a hagu, a jikinta kuma akwai ɗan jan maɓalli, in ya danna ya riƙe, jirgin nasa umarnin zai bi. Hannunsa bai fi taƙi ɗaya daga wurin ba. Dattijon ya girgiza kai, ya ce Allah shi jiƙan su, ya jawo butarsa don an fara kiran magariba.